Kogi a Cikin Kwami

—rariya ka nema, ba ni ba. Wannan nake ta tuna wa kaina. Ka tsaya a bakin filin da Baba yake sayar da yashi da tsakuwa, wandonka duk jar ƙasa, ni kuma na kawo masa abincin rana, ka ce, “Don Allah ƙanwata, a gidanku akwai rariya? Mai manyan idanu da mai ƙanana?” Baba ya dube ka sama da ƙasa ya ce, “Kai Bafillace, nan da tifa muke awo, ba da mudu ba.” Ka ce ai ka sani, Barebari ba su iya ƙaramin abu ba, ko turare za su sa sai sun turnuƙe unguwa. Ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi ba. Hannunka nake kallo, yadda kake juya tsakuwa ɗaya kamar ƙwai.

Rariyun Inna biyu ka huda. Ka sayo sababbi, ka naɗo su a wata takarda mai zanen kogi, ni kuwa ba na ganin rubutu in wuce shi, ko na ƙunshin ƙosai, ko na cikin kwalin magani. Da haka na koya, tun da aka cire ni daga aji huɗu. Na tambaye ka mene ne waɗannan ɗige-ɗigen a cikin ruwan. Ka tsuguna a ƙasa, a gaban Baba, ka fara zane da tsinke...

Ruwan nan da sanyi. Tun yaushe hannuna yake ciki?

Laraba ce. Ina jin tireloli suna gurnani daga wajen Kasuwar Shanu, ana lodin Kudu, iska tana kawo warin kashin shanu da na gas. Ina tsugune a tsakar gidanku, gaban kwaminka. Kwamin ban ruwan shanu ne, tsohon na Baffa Hammawa, ƙanin mahaifinka, ka ɗauro shi a saman mota daga Gadaka mutane suna nuna ka da baki. Ka ɗaga kansa a kan bulo. Ka shimfiɗa tsakuwa a ciki, ka gina gaɓa hagu da dama da yumɓu, ka lanƙwasa ta daidai yadda kogin ya yi kwana a bayan garin. Ka ce, “Mairam, ga kogin Gadaka, na kawo miki shi har ɗaki tunda kin ƙi zuwa ganin dangin miji.” Ban ƙi ba. Kunya ce. Ka sani.

Yau za a fitar da shi. Dada, mahaifiyarka, ta faɗa da safe, ba ta dube ni ba, tana tsince shinkafa. In Baffa ya tashi daga kasuwa zai biyo ya ɗauki kwaminsa. “Kogin nan ya ci mini yaro a can, ba zai kwana mini a tsakar gida ba kuma.” Yaro. Ko yanzu ba ta kiran sunanka — ɗan fari, Bafillatana, yaya za ta yi? Ni ma ban taɓa kira da ƙarfi ba. Mata biyu a gida ɗaya, babu mai iya cewa Safiyanu. Sai a cikin kai. Safiyanu, Safiyanu. Kamar mai ɓoye goro a kunci.

Ga kwalin ashanar, inda ka ajiye shi, a ƙasan kwanar, a gaɓar da ta fi ƙasa. Rugar Baffa ke nan. Ƙwallayen dabinon nan shanunsa. Wannan ƙaramin tsinken... Mubaraka ce, matar ɗansa, ni na ƙara ta, ba kai ba, ran da na ji ta haihu. Ban san me ya sa ba. Bai kamata ba. Yanzu ba na iya cire ta.

Yaya ma ka ce? Tsakuwa tana da ƙofofi. Haka ka fara. Kogin da gadonsa tsakuwa ce yana numfashi ta ƙasa, ruwa yana bi ta tsakanin duwatsu, damina tana zuwa ta ture su kaɗan ta wuce. Sai aka sare itatuwan sama, aka nome har bakin gaɓa, ƙasa ta fara zubowa. Yashi mai laushi ya shiga ƙofofin, ɗaya bayan ɗaya, ya toshe. Sannan ya fara hawa kan tsakuwar. A kwana yake fi taruwa, inda ruwa yake rage gudu. Gadon kogin yana tashi, yana tashi, ba mai gani, don daga sama duk yashi ne. Har ran da gadon zai kusa kai tsayin gaɓa — to ruwa fa? Ruwa ba ya tsayawa tambaya. Gefen da ya fi ƙasa zai bi.

Na ce kamar zuciya ke nan. Ka ce a'a, kamar kogi dai, ki daina karatun littattafan soyayya da rana tsaka. Amma ka yi murmushi, na gani, ka sunkuyar da kai kana gyara yumɓun da babban yatsanka.

Yatsan. Ga shi nan. Ɗaya ya rage.

Da gaɓar nan duk shatin yatsunka ne, daga sama har ƙasa, kamar gefen tukunyar da ba a goge ba. Duk sanda na zuba ruwa sai ya lashe kaɗan. Na sani tun farko. Na ci gaba da zubawa. Me zan yi da rana, ina takaba? Ba fita, ba kwalli, ba lalle, kaskon turarena yana kife a ƙarƙashin gado — Babarbariya ba turare, da ka gani da ka ce an sauya maka mata. Sai in ɗebi ruwa a bokiti, in juye a hankali ta gwangwanin da ka huda, ya gangara, ya taru a baho, in sake ɗiba. Ruwa ɗaya, yana ta zagaye. Ina wanke ka da hannuna, kullum kaɗan. Yanzu saura wannan, a daidai kwanar, sama da kwalin ashana. Zubi ɗaya mai ƙarfi, shi ke nan.

Bara ma kwalin ya tashi. Kada in manta da wannan. Kada in yi wa kaina ƙarya.

Bara ka zuba, bokiti na farko ruwan ya bi hanyarsa, na biyu ya taɓa leɓen gaɓa, na uku ya haura ya ɗauke kwalin. Ka maimaita har ka gaji. Kwamfutarka ma haka ta nuna, da jan launi a wurin. Ka je ka roƙi Baffa, ya ji maka, ya kwashe ruga ya hau tudu. A tudu ba ciyawa sai gonaki. Shanu suka faɗa wa geron wani, aka kai shi gaban Bulama mai gari, Baffa da furfurarsa ya tsuguna ana yi masa faɗa kamar yaro. Damina ta zo ta wuce. Ruwa bai haura ba. Ko taɓa wurin bai yi ba. Ciyawar kwarin ta yi kore shar, shanun wasu suka cinye. Baffa ya mayar da rugarsa kwarin.

Injiniyan kwami, haka suke ce maka. Har a kasuwa. Har yaran da suke kora shanu zuwa lodi.

Ka dawo ka zauna a nan, inda nake, ba ka ci abinci ba. Ka ce kwami ba kogi ba ne, Mairam, kwami tambaya ce kawai. Abin da ka ba shi, shi zai mayar maka. Ka ce akwai abu ɗaya da ka yi ƙiyasi ba ka auna ba: kaurin yashin da yake hawa kan tsakuwar a damina guda. Wataƙila ka sa da yawa. Wataƙila kaɗan ka sa, ruwan baran ne bai yi ƙarfi ba. Ba ka sani ba. Ban taɓa jin namiji ya ce ban sani ba da irin wannan muryar, kamar yana ajiye kaya.

Duwatsun fenti za su faɗa, ka ce. Ni na shafa musu fentin, kafin waccan daminar, ina amarya, lallena bai gama fita ba. Manya ja, matsakaita shuɗi. Na jera su a kan tabarma suna bushewa, Dada tana cewa wannan wace irin amarya ce, ana kai wa miji fura ita tana yi wa duwatsu kwalliya. Ka kai su ka jera a kan tsakuwar kwanar, a fili, inda rana take dukansu. In rani ya yi sai ka koma ka nemo su. Wanda ya yi tafiya, ka auna tafiyarsa. Wanda ya nutse, ka auna zurfinsa. Shi ke nan fa. Aikin yini ɗaya. Ka ce in dafa dambu, za ka dawo kafin la'asar.

Dambun... Dada ce ta ba almajirai, ko kaji? Ban tuna ba.

Wani keke ya tsaya a waje. A'a. Ya wuce.

Ba ka ga ko ɗaya a sama ba. Haka Baffa ya ce. Ka ari shebur a ruga, ka fara tono a inda ka sa alama. Ya leƙo da hantsi yana tsokanarka, ko rijiya za ka yi mana, injiniya? Ramin ya kai gwiwa. Ya koma wajen shanu. Ya dawo, ya kai ƙugu. Ya ce ka fito ka sha nono. Ka ce saura kaɗan. Da ya sake dawowa babu rami. Yashi ne kwance, lumui, kamar ba a taɓa taɓa shi ba, sai kan shebur.

Da hannu suka tona. Shi da 'ya'yansa. Yashi busasshe, kana kwashewa yana komowa.

Ya zo ran uku, ya tsaya a zaure, ya miƙo wa Dada abu a ƙulle a gefen rawaninsa, ta miƙo mini ba ta buɗe ba. Jan dutse. Nawa. Har da inda burushin ya zame mini na bar ɗan fari a gefe. A hannunka suka same shi. Na ji shi ta bayan labule yana gaya wa Baba, muryarsa kamar ta wani, “Mallam Ari, a tsaye muka same shi. A tsaye. Yashin ya haura kansa da kamu guda, ƙafarsa tana kan tsakuwa.”

Ƙafarka tana kan tsakuwa.

Na yi wata ban gane ba. Kuka kawai nake ji a cikin maganar. Sai wata rana ina shanya, ta faɗo mini kamar an mare ni: ka samu. Awon da kake nema. Dutsen da ka ajiye a fili, damina ɗaya ta binne shi tsayinka da kamu guda. Kai ne ma'aunin. Ya Allah. Kai ne sandar awon, aka tsayar da kai a ciki...

A kwami faɗin tafin hannunka shi ne tsayin mutum, haka ka tsara. Bara rabin tafi ka zuba na yashi a kwanar. Rabi. Na ɗauko yashin da ka tankaɗe da rariyar Inna, na cika tafi guda, na ɗora yatsa ɗaya a kai saboda kamun. Hannuna bai kai naka ba, na ƙara kaɗan. Na zuba ruwa.

Bai jira bokiti na uku ba. Bai gama na farko ba.

Na mayar da kwalin, na sake. Na sake. Ƙwallayen dabino suna juyi a baho. Tsinken Mubaraka ya maƙale a bakin kwami yana rawa.

To amma ni wace ce? Aji huɗu. Na kira Abdulrahim, abokin karatunka, wanda ya zo ya karɓi kwamfutarka zai kai wa malaminku a jami'a. Ya saurare ni har ƙarshe, Allah ya saka masa. Ya ce, “Mairam, rami ɗaya ne. Wataƙila wurin ne kawai ya yi zurfi, wataƙila masu tifa sun taɓa haƙa a nan ya cike. Ana bukatar ramuka da yawa, da damina biyu ko uku, kafin a ce wani abu.” Gaskiya ya faɗa. Kai ma haka za ka ce. Na ce to in kai ne kake kwana a kwarin fa, da jariri? Ya ce, “Da na tashi.” Sannan ya ce, “Amma ba zan iya sa hannu a kan haka ba.”

Ba wanda zai iya. Damina biyu ko uku. Ga hadari can yana haɗuwa ta gabas, baƙi kamar gindin tukunya, jiya an ce an kwana ana ruwa a wajen Fika.

In na sake tayar da shi a banza fa? In ya sake tsugunawa gaban Bulama saboda matar injiniyan kwami? Ba zai ƙara shigowa gidan nan ba. Dada ba ta da kowa sai shi. Za a ce mijin ya haukace da duwatsu ya mutu, matar ta gaji haukan. In kuma na yi shiru, ruwan ya zo da asuba, maruƙa suna ɗaure a igiya, Mubaraka ba ta gama wankan jego ba...

Na kira shi ai. Na gwada. Ranar Juma'a, da wayar Dada. Ina cewa Baffa ina wuni, ya ce, “A'a, baiwata ce? Barebari sun koyi waya?” Na ce Baffa maganar kogin ce. Ya ce, “Ke da ba ki taɓa ganin ruwan da ya fi na randa ba? Ku da kuka bar tafki ya ƙafe muku a Borno, ku za ku koya wa Fulani ruwa?” Yana dariya. Ni ma — wannan ne abin — ni ma bakina ya ɗauka da kansa, na ce ai gara mu, ku da saniya ce take muku limanci. Haka aka yi mu. Babarbare da Bafillace ba sa haɗuwa sai da wasa, tun kakanni, ko a gidan makoki. Duk abin da na faɗa masa wasa ne. Ba shi da wata hanyar jin maganata. Kuma na ji, a ƙarƙashin dariyar, numfashinsa yana sarƙewa. Wasan ne yake riƙe shi a tsaye. In na cire masa, me zai dafa?

Don abin da zan tambaye shi ke nan. Ba lissafi ba. Baffa, shekarun baya da kake tsallakawa da shanu a kwanar nan, me kofatonsu yake takawa? Zai ce tsakuwa. Baffa, da kuka tona... har ina kuka tona kafin ku kai gare ta? Shi kaɗai ya sani. Hannunsa ne ya auna. Sai na mayar da shi cikin ramin nan, a gaban Dada, ya sake tonowa. Wace irin suruka ce take yin haka? Mai takaba, wadda ko zaure ba ta leƙawa, ta yaye labule ta tsaya gaban ƙanin uban mijinta ta ce dubi nan?

Kuma sai na zuba ruwan. Baki kaɗai ba zai yi ba, da baki muke wasa. Sai ya ga tafin yashin, ya ce e, haka zurfin yake, sannan ya ga kwalin. Zubi mai ƙarfi, irin na Agusta. Ta kan yatsanka zai bi. Babu wata hanyar, nan ne kwanar.

Zan iya barinsa. In yi shiru, Baffa ya zo, in roƙi a ɓalle mini wannan ɗan yumɓun kafin a ɗauka, in naɗe a ɗankwali, in sa a akwati tare da jan dutsen. In tsufa da shi. Wa zai sani? Kwami ba kogi ba ne. Kai ka faɗa. Wataƙila ruwan ba zai zo ba, bana ma, baɗi ma, in zama na wanke ka a banza...

Ba ni ka nema ba, rariya ka nema. Amma da ka mayar, ka tsaya a ƙofa ka kasa tafiya, kana ta bayanin idanun rariya har aka kira magariba. Ka ce ba wanda ya taɓa tambayarka mene ne ɗige-ɗigen.

Iska ta taso. Ganyen darbejiya yana zubowa cikin kwamin, ina tsincewa. Dada ta fito kwashe shanya, tana tafe tana dafa bango, ta rame, zanen ya yi mata yawa. Ba ta kallon nan. Kullum sai ta zagaya ta bayan turmi don kada ta wuce kusa. Ita ma ta san inda yatsan yake. Na taɓa ganinta da sassafe, ta ɗauka ina barci, ta tsaya a kansa, ba ta taɓa ba, ta tsaya kawai.

Ashe ba nawa ba ne ni kaɗai. Wannan ma sai na tambaye ta.

Ƙafafuna sun mutu. Ina miƙewa, ruwa yana ɗiga daga yatsuna. Wata nawa ban yi magana mai tsawo ba?

“Dada.”

Ta tsaya, riga a hannunta. Rigarka ce, ita take wanke ta har yanzu.

“Dada, in Baffa ya zo, ki ce ya shigo ciki. Ki tsaya ke ma. Sau ɗaya zan zuba, ba da wasa ba. Zai tafi da... zai tafi da wurin hannun Safiyanu.” Na faɗa. Ya fita, da ƙarfi, a tsakar gida. “Bayan nan, ko ya tashi daga kwarin ko bai tashi ba, na yi miki alkawari ni zan kwashe tsakuwar nan da hannuna, in wanke masa kwaminsa. Ba za ki ƙara kwana da kogin nan ba.”

Tana kallon yumɓun. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwalin ashana, ya yi duhu, ga na biyu. In rufe da buhu ne, ko in bari? Hannuna ya ƙi ɗagawa.

A zaure wani yana kakkaɓe takalmi.